Baƙuwa Mai Zazzaɓi: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Zama a Wurno

A bazarar 2005 na fara ganin na'ura ta yi zazzaɓi. Ina zaune a shagon kawuna a Wurno, bayan azahar kaɗan, ina buga wa wani malamin firamare tambayoyin jarrabawa. Na kai shafi na huɗu ke nan sai fankar cikin akwatin ta ɗaga murya kamar babur ya hau tudu da buhunan albasa, allon ya ƙame, sannan ɗif. Ba wuta aka ɗauke ba, don ga injin janareta can bayan shago yana ta ɓaɓatu. Na ɗora tafin hannu a kan akwatin, na janye ba shiri. Kawu ya dubi malamin, ya dube ni, ya ce, "Wagga baƙuwa taku ba ta san bazarar Sakkwato ba."

Shi Kawu ɗan zamanin tafireta ne. A Rabah ya koyi bugu, wajen wani tsohon akawu da ya ci zamaninsa a ofishin hakimi, kujerar nan da Ahmadu Bello ya hau a 1934 tun kafin a naɗa shi Sardauna. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, duk mai saurin yatsa ya sami abin yi, shi ma aka ɗauke shi. Bayan ya ajiye aiki sai ya kafa tebur a gindin dogon yaro, yana buga wa mutane takardar sayen gona, da ƙorafi, da wasiƙar neman aiki. Tafireta ba ta da tsirfa. Ka wanke mata haruffa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga mata mai, ka sauya zaren tawada, shi ke nan. Rana ta ƙwalle ko ƙura ta turnuƙe, ba ruwanta.

Abin da ya kore ta ba lalacewa ba ne, zamani ne. Wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, ba a jima ba hukumomin jarrabawa suka fara mayar da rajista da duba sakamako kan intanet, mutane kuma suka daina ganin kwarjinin takardar da ba daga firinta ta fito ba. Sai shagunan kwamfuta suka fara ɓullowa, daga birnin Sakkwato su gangaro hedikwatocin ƙananan hukumomi. Kusan duk na'urorin na hannu ne, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam. Ofisoshin Turai da Amurka sun gama cin moriyarsu, aka zubo su a kwantena zuwa Legas, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja su hau mota zuwa Kano, daga Kano zuwa Sakkwato. Tamu ta iso ta hanyar Achida a naɗe cikin bargo, da lambar wani ofishin Turawa a manne a gefenta.

Abin da ba wanda ya karanta mana shi ne ƙa'idar masu ƙera ta. Galibin kwamfutocin tebur an yi su ne don ɗakin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 35 a ma'aunin Salshiyas. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu, ko a inuwa ma'auni yakan haura 40. Shagonmu na bulo ne, rufin kwano, ba silin. Wato tun kafin a kunna ta mun riga mun karya mata sharaɗi.

Wani mai gyara da muka ɗauko daga Sakkwato shi ya fara buɗe min cikinta. Ya nuna min furosesa, wanda shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, duka-duka bai kai faɗin kwalin ashana ba. A kansa an ɗora wani ƙarfen alminiyom mai haƙora kamar mataji, a kan ƙarfen kuma fanka. Kwamfutar tebur ta IBM da ta fito a 1981 ba ta buƙaci fanka a kan furosesanta ba sam. Amma yadda gudu ya riƙa ƙaruwa haka cin wuta ya ƙaru, har aka zo kan Pentium 4 a 2000, wanda wasu nau'o'insa na 2004 suke fitar da zafin da ya haura wat 100. Ka tuna tsohon ƙwan lantarkin nan mai ɗari, wanda ba ya taɓuwa in ya jima a kunne. To, duk wannan zafin daga ɗan abin da bai fi farcen babban yatsa ba yake fitowa. Ƙarfen ya zuƙe shi, fanka ta kore shi. In korar ta gaza, furosesa ya rage gudu da kansa, in abin ya ci tura ya kashe na'urar gaba ɗaya. Ashe suman da take yi mana ba ciwo ba ne, gudun ceton rai ne.

Kafin ya tafi ya koya min abin da ya fi kuɗin gyaran amfani. Da ka kunna ta sai ka yi ta danna maɓallin Delete, wani shuɗin allo ya bayyana, a ciki akwai shafin da ke nuna zafin furosesa da gudun fanka. Daga baya na sami manhajar SpeedFan, wadda take ajiye lambar a kusurwar allo ina aiki ina satar kallonta. Na sayi ma'aunin zafi na bango, na ware littafi, na riƙa rubuta lambobi biyu, ta ɗaki da ta na'ura, da hantsi, da azahar, da bayan isha'i. Sai da na girma na karanta cewa ba ni ne farkon mai wannan ɗabi'a a garinmu ba. A watan Afrilun 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Wurno ya yi makonni, kuma mutum ne mai yawo da ma'aunin zafi yana rubuta abin da ya nuna. Shekara 152 tsakanina da shi, rana ɗaya ce take gasa mu.

Littafin ya koya min abu guda da har yau nake maimaita wa yara: fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar da ta tarar ita take turawa. In ɗaki ya ƙaru da digiri goma, furosesa ma zai ƙaru da kusan goma, ko fanka nawa ka jera. Lambobin nan biyu tare suke hawa, tare suke sauka, kamar raƙumi da akala.

Bayan zafi, matsala ta biyu ita ce ƙura. Hunturu ne yake shuka abin da bazara take girba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mai laushi kamar garin bula, na'ura kuwa tana shaƙa dare da rana. Ba za ka ga illar ba sai zafi ya sauka. Ranar da na fara cire fanka na leƙa ƙarƙashinta, na tarar ƙura ta saƙa wani dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen, na ɗago shi ɗungurungum kamar audugar tsohuwar katifa. Na'urar bargo take lulluɓe da shi a tsakiyar Afrilu. Muka shiga kai akwatin wajen mai faci a bakin tasha yana hure mana ƙurar da iska. A nan ma sai da muka koyi ladabi: a fara sakin iskar gefe don ruwan da ke kwance a tankin ya fita, a kuma tokare fanka da tsinke kada iska ta juya ta fiye da kima ta ci ƙarfenta. Daga baya na koma famfon keke, ya fi lalama. Tsakanin furosesa da ƙarfen akwai wani farin mai da ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Namu ya bushe ya zama kamar farar ƙasa. Wasu abokan sana'a sukan shafa makilin a madadinsa, ya yi kwana biyu yana aiki sannan ya ƙeƙashe. Akwai kuma 'yan gwangwanayen nan na jikin allon uwa, kafasito, da kansu yake kumbura kamar fanke. Masu ilimin lantarki suna da lissafin cewa duk ƙarin digiri goma yana raba tsawon ransu biyu.

Dabarar da kowa ya fara yi, mu ma mun yi: cire murfin gefe, a saita fankar tsaye a cikin na'ura. Lamba takan sauka, gaskiya ne. Amma ka buɗe ƙofa ga kowa. Na taɓa ciro tsaka a ƙone daga akwatin wuta, wani karon kuma zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a kusurwa, har da 'ya'ya.

Maganin gaske ba daga Kano ya zo ba. Wani tsohon magini, aminin Kawu, ya shigo a buga masa takarda, ya tarar da ni ina fifita akwati da mafici. Ya ɗaga kai ya dubi kwanon, ya ce, "Yaron ga, ko ɗan mutum ka aje nan sai ya suma. Mi ya hana ku kai ta zaure?"

Na ce, "Baba, ai kayan zamani ne, ba a sa su ɗakin ƙasa."

Ya yi dariya har da tafa hannu. Washegari Kawu ya sa aka ja waya zuwa zauren gidanmu. Soro ne na tubali, kaurin bangonsa ya kusa kamu biyu, rufin azara da ƙasa a kai, da 'yar taga can sama. Irin ginin da aka san garin da shi ke nan tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa shi ribaɗi, ya zauna a cikinsa har ya rasu a 1837. Ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi. Ranar da ta doki bango da azahar ba ta ratsowa ciki sai dare ya yi, lokacin an buɗe ƙofa, tagar sama kuma tana fitar da iska mai ɗumi. Kwano kuwa ko minti biyar ba ya yi maka lamuni. A makon farko lambobin littafina suka sauko, suman azahar ya ɗauke.

Gyara na gaba manomi ne ya kawo shi. Tun da aka kammala madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi a yankin, ƙungiyoyin masu albasa da tafarnuwa kuma suna cikin manyan masu kawo mana aiki. Ɗaya daga cikinsu ya ga akwatin a ƙasa, an matse shi da bango, ya ce ko albasa ba a yi mata haka. A rudu suke ajiye ta, a ɗage daga ƙasa, iska na bi ta ƙarƙashi da gefe, in ba haka ba ta ruɓe. Muka sa kafinta ya yi benci mai ramuka, muka janye shi taki ɗaya daga bango.

Randar da ke kusurwar zauren ita ta ba ni dabara ta ƙarshe. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi, hikimar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunya cikin tukunya a kanta har ya sami lambar yabo ta Rolex. Na jiƙa buhun algarara na rataya a ƙofa, nesa da na'ura. A Maris da Afrilu, da iska take a bushe ƙayau, yana sanyaya ɗaki yana kuma tace ƙura. Da damina ta faɗi sai a sauke shi, don laima da lantarki ba sa ga maciji. Muka kuma koma jadawalin kakanni: aiki daga asuba zuwa hantsi, a huta tsakanin azahar da la'asar, a dawo da dare. Da haka tsohuwar 'yar Beljiyam ta kai Satumbar 2010, lokacin da ambaliya ta ci garuruwan bakin Rima, muka kwana muna buga sunayen waɗanda suka rasa gidaje da gonaki, ba ta ko yi tari ba.

Daga nan sana'ar ta rabu biyu. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, aka sami manyan zauruka masu ɗaruruwan na'urori, waɗanda ba abin da zai riƙe su sai na'urar sanyaya ɗaki da babban janareta. Ƙananan shaguna kuma suka koma kwamfutar cinya da sola, sabbin furosesa ba su da cin wuta irin na da. Kawu ya riga mu gidan gaskiya, tafiretarsa tana nan, in ka danna har yau tana amsawa. Soraye dai suna ta faɗuwa, bulo da kwano na maye gurbinsu, maginan ƙasa kuma sai ƙarewa suke.

A bazarar da ta wuce na tsaya cire kuɗi wajen wani yaro mai POS a bakin kasuwa. Ya kafa kejin kwano a fili, wayarsa da na'urarsa suna kan teburin ƙarfe. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, kullum in rana ta take sai na'urar ta mutu. Ko batir ne?" Na ɗora hannu a kanta, na janye. Taku ashirin daga inda yake akwai dogon yaro mai inuwa, ba kowa a gindinsa sai awaki biyu. Na ce masa ya kama gefe guda na teburin, ni na kama ɗayan.