Tsohon Jirgin Bakin Ruwan Yelwa: Wa Ya Sassaƙa Shi?

Duk wanda ya je gida hutun Sallah ya gangara bakin ruwa zai ga wani tsohon jirgin katako a kife, rana da damina sun cinye gefensa. Da muka tambayi asalinsa sai muka sami amsa uku: wani ya ce aikin Gungawa ne, wani ya ce Sarkawa suka sauko da shi daga yamma, na uku kuma ya rantse cewa daga ƙasar Nufe aka sayo shi. Wannan saɓani ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, domin mu 'yan ƙasar Yauri da ke zaune a Legas da Kaduna da Abuja da Sakkwato mu san yadda ake gane irin jirgi da hannun da ya yi shi.

Jirgin farko da kakanninmu suka sani shi ne na gungume ɗaya, wanda ake sassaƙawa da gatari da gizago daga maɗaci ko kawo ko rimi. Girmansa ba ya wuce girman bishiyarsa. A yamma kuwa, inda manyan itatuwa suka yi ƙaranci, sai masassaƙa suka koma ga ɗinki. Matafiyin nan Heinrich Barth, da ya ƙetare Kwara a garin Say a 1853, ya bayyana jiragen da aka yi da gungume biyu, aka haɗa su a tsakiya da igiya. Kafin shi, a 1828, René Caillié ya yi tafiya daga Jenne zuwa Kabara ta kusa da Tumbutu cikin babban jirgin alluna da aka ɗinke. Daga kudu kuma akwai Nufawan Kede, masu cibiya a Muregi, waɗanda suka shahara da manyan jiragen dakon kaya.

Akwai jirgi ɗaya da ya ratsa ruwanmu wanda duniya ta san maƙerinsa da tsawonsa. A ƙarshen 1805, a garin Sansanding na ƙasar Mali ta yau, Mungo Park ya ɗauki sassan jirage biyu da suka ruɓe, ya zubar da ruɓaɓɓen, ya haɗa masu kyau da taimakon soja ɗaya, ya sami jirgi mai tsawon ƙafa kamar 40 da faɗin ƙafa 6, ya sa masa suna Joliba. Da shi ya iso Yauri, ya kuma halaka a duwatsun Bussa a 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har fadar Yauri suna neman takardunsa. Jirgin baƙon da ya yi 'yan kwanaki a ruwanmu yana da tarihi saboda an rubuta. Dubban jiragen iyayenmu kuwa sun tafi da sunayen masu su.

Babban sauyi ya zo da madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968. Ruwa ya shanye gungu da dama da tsohuwar Bussa, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Kogi ya zama tafki mai faɗi da iska da igiyar ruwa, abin da ƙaramin jirgin gungume ba ya jurewa. Daga nan jirgin alluna mai ƙusa da inji ya samu karɓuwa, garuruwa irin su Yelwa da Malale suka yi suna wajen ƙera shi.

Da wannan sani muka koma wajen jirgin tare da dattawan masunta. Abu huɗu suka nuna mana. Na farko shi ne ƙasansa: gungume ne guda mai tabon gizago, ga jan launin maɗaci. Na biyu gefensa: alluna ne masu layin zarto, an buga su da ƙusa an toshe da kwalta. Na uku, babu jerin hujin da igiya ke bi, saboda haka ba ɗinkakke ba ne irin na yamma. Na huɗu bayansa: an datse shi an buga allo inda ake rataya inji. Ke nan jirgin ya fara rayuwa a matsayin sassaƙar gida, daga baya wani kafinta ya ɗaga gefensa ya gyara bayansa don ya dace da tafki. Hannu biyu ne suka yi shi, a zamani biyu. Dattawan sun ce kowane masassaƙi da yadda yake fiƙe goshin jirgi, kuma yaransa kan gaji wannan salo, don haka ta bin ɗaliban da ke raye ake kaiwa ga sunan malaminsu.

Kada wani ya ɗauka wannan zancen nishaɗi ne kawai. Hatsarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayu na 2021, inda rayuka masu yawa suka salwanta, ya tuna mana cewa shekarun jirgi da irin itacensa da nauyin da aka yi shi don ya ɗauka magana ce ta rai da mutuwa.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta nemi izinin masu jirgin, ta ɗauke shi zuwa inuwa kafin ya zama itacen girki. Muna kuma roƙon kowane ɗan ƙungiya, idan ya je gida, ya zauna da masassaƙi ɗaya, ya rubuta sunansa da na wanda ya koya masa, da itacen da yake amfani da shi, da garuruwan da jiragensa suka je, ya miƙa wa sakatare. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya kiyaye matafiyanmu a kan ruwa, amin.