Gaɓa ta Bakwai a Hoton Wuya: Sake Auna Matsayin X-ray a Asibitocin Khartum da Omdurman

Tsakure

Ana yawan kafa hujja da cewa hoton X-ray rabin karayar wuya kawai yake ganowa, don haka na'urar CT ta maye gurbinsa. Wannan maƙala ta sake duba alƙaluman da aka gina hujjar a kansu, ta auna su da tsarin halittar wuya da halin da asibitocin Khartum da Omdurman suka shiga tun daga 2023. Ta nuna cewa akasarin raunin da ke kuɓucewa yana kuɓucewa ne a hoton da bai cika ba ko wanda ya ba da alamar matsala ba tare da an tantance ta ba, kuma gyaran wannan yana hannun ma'aikacin ɗakin hoto.

Gabatarwa

Khartum ta daɗe da karatun likita, domin tun 1924 aka buɗe Makarantar Likitanci ta Kitchener, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan kuma tana da kwaleji sukutum ta masu ɗaukar hoton asibiti. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya durƙusar da yawancin asibitocin birnin. Nauyin masu rauni ya koma kan 'yan tsirarun da suka rage, irin su Al-Nao a Omdurman da Bashair a kudancin Khartum, waɗanda ƙungiyar MSF ta tallafa wa. Na'urar CT tana bukatar tsayayyiyar lantarki da injiniya da kayan gyara daga waje. Ƙaramar na'urar X-ray da ake turawa har bakin gado kuwa, janareta ya ishe ta. Tambayar ita ce: har ina likita zai amince da hotonta?

Bitar ayyukan da suka gabata

Kan wa ya kamata a yi wa hoto babu jayayya. Binciken NEXUS (Hoffman da abokansa, 2000) da ƙa'idar Kanada (Stiell da abokansa, 2001) sun daddale wannan.

Jayayyar tana kan aikin Holmes da Akkinepalli (2005). Sun haɗa bincike bakwai, suka samu cewa X-ray yana gano kashi 52 cikin 100 na raunin wuya, CT kuma kashi 98. Wannan 52 ta zama abin ambato a ajujuwa, amma masu ambaton ta ba sa kaiwa ƙarshen maganar. Majinyatan da aka ƙirga galibi masu mummunan rauni ne, da yawansu ba su cikin hayyacinsu, ba su iya buɗe baki ko sassauta kafaɗa. Marubutan da kansu sun taƙaita hukuncinsu ga irin waɗannan, suka ce babu isasshiyar hujjar ture X-ray ga mai ƙaramin rauni. Ɗaukar wannan adadi a ɗora wa kowane majinyaci zalunci ne ga binciken.

Hanyar bincike

An sake karanta rahotanni biyu da suka fito daga bayanan NEXUS a 2001, na Mower da na Goldberg, aka daidaita su da tsarin halittar wuya.

Sakamako da tattaunawa

Ƙashin wuya gaɓoɓi bakwai ne, jijiyoyi takwas-takwas na fita daga lakar da ke ratsa su ta dama da hagu. Gaɓa ta farko zobe ce da ƙoƙon kai ke zaune a kanta. Ta biyu tana da ɗan tsini mai kama da haƙori da ya shige cikin zoben, a nan ne kusan rabin waiwayen mutum ke faruwa. Jijiyar da ke motsa shimfiɗar numfashi daga matakin gaɓa ta uku zuwa ta biyar take tasowa, shi ya sa raunin laka a saman wuya ke tsayar da numfashi. Ta bakwai ita ce tudun da yatsa ke ji a gindin wuya idan mutum ya sunkuya, kuma a nan wuya mai lanƙwasa ke haɗuwa da ƙashin baya na ƙirji da haƙarƙari suka ƙame.

NEXUS ya duba mutum 34,069 a asibitoci 21 na Amurka, 818 daga ciki suna da raunin wuya. Goldberg ya nuna inda karayar ke taruwa: kashi 24 cikin 100 a gaɓa ta biyu, kashi 39 a ta shida da ta bakwai. Wato kusan biyu bisa uku na karayar suna can sama ko can ƙasa, wuraren da haƙora da ƙeya ke tare na sama, kafaɗa ke tare na ƙasa.

Rahoton Mower ne zuciyar wannan maƙala. X-ray ya tsallake raunuka 564 a jikin mutum 320, adadin da ke tsorata mai karatu. Amma 436 daga cikin raunukan, a jikin mutum 237, a hotunan da aka riga aka ce ba su cika ba ne, ko aka ga alamar matsala a cikinsu ba tare da an tantance ta ba. Irin wannan hoto bai yaudari kowa ba, ya faɗi cewa da sauran aiki. Waɗanda hotonsu ya cika, ya fito fes, alhali suna da rauni, mutum 23 ne: kashi 2.8 cikin 100 na masu raunin. Ratar da ke tsakanin waɗannan adadi ita ce ratar da ke tsakanin hoto da cikakken hoto.

Cikakken hoto kuwa uku ne: na gefe, na gaba, da na buɗe-baki mai nuna tsinin gaɓa ta biyu. Na gefen shi ne ginshiƙi. Majinyaci na kwance rigingine da kwala a wuya, ba a motsa shi, a kafa faranti a gefen kafaɗarsa, a harbo hasken a kwance, a danna daidai lokacin da ya fitar da numfashi don kafaɗu su sauka. Daga nan a ƙirga gaɓoɓi da yatsa tun daga sama. Idan ba a ga ta bakwai da saman gaɓar ƙirji ta farko ba, hoton bai cika ba, komai kyansa. Magidanci mai kaurin kafaɗa sau da yawa a ta biyar ko ta shida hotonsa ke tsayawa, ƙasa da nan sai farin gajimare. Maganinsa a ja hannayen ƙasa a hankali bisa izinin likita, ko a ɗaga hannu ɗaya sama da kai kamar mai iyo a sake ɗauka.

Sai karatu. Layuka uku, na gaban gaɓoɓi da na bayansu da na bayan ramin laka, su tafi sumul ba tsalle. Gocewar da ta wuce milimita 3.5 ko karkatar da ta wuce digiri 11, ma'aunin White da Panjabi, alamar wuya ba ya riƙe kansa ce. Ratar zobe da tsini kada ta wuce milimita 3 ga babba, 5 ga yaro. Idan naman gaban ƙashi ya kumbura fiye da milimita 7 a wajen gaɓa ta biyu, a zargi ɓoyayyiyar karaya ko da ƙashin ya fito lafiya.

Iyakokin bincike

Ba a ƙirga hotunan wani asibitin Sudan ba. NEXUS raunin buguwa da faɗuwa da hatsarin mota ya duba, bai shafi harsashi ko ɓarɓashin bam ba. X-ray ba ya nuna laka, kuma uku daga raunukan mutum 23 ɗin nan masu iya gocewa ne. CT ta fi shi, wannan ba abin musu ba ne.

Kammalawa

Inda CT ta yi ƙaranci, a keɓe ta ga wanda ya suma, da wanda hannu ko ƙafarsa suka fara mutuwa, da wanda hotonsa ya ƙi cika bayan an maimaita. Sauran masu bukatar hoto a yi musu ukun nan. A kuma wajabta wa mai ɗaukar hoto ya rubuta a takardar sakamako gaɓa ta ƙarshe da ya gani, kada a cire kwala sai rubutun ya kai gaɓar ƙirji ta farko kuma likita ya duba majinyacin da hannunsa.