Tsayin Gini da Haƙƙin Wanda Ya Riga Zama a Ƙasar Gobir

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa suka watsu, waɗansu suka yi arewa suka zauna Tsibiri, waɗansu kuma suka kafa Sabon Birni wajen 1860. Isa kuwa ta kasance ribaɗi na tsaron iyakar daular Sakkwato. Garin da ganuwa ta kewaye ba ya da yalwar fili, saboda haka gida ya matsi gida, har ƙarar maƙwabci da maƙwabci a kan gini ta zama abin da alƙalai suka saba ji.

Alƙalan ba su yi hukunci da son ransu ba. Littattafan Malikiyya suka bi, watau Risala, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim mutumin Andalus, wanda ya rasu a 1426. A Gwandu ma Alƙali Idirisu ɗan Halidu ya tattara irin waɗannan mas'aloli cikin littafi guda a 1836, domin amfanin masu shari'a.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, shari'a ba ta yanka wa gini iyakar kamu kaza ba. Mutum yana da iko ya ɗaga soronsa, ko ya yi bene, ko da ya tare wa maƙwabci rana da iska, in dai ba masussuka ya tare wa iska ba. Abin da aka hana shi ne leƙe. In ya fasa sabuwar taga wadda ake tsinkayar tsakar gidan wani daga cikinta, sai a sa shi ya toshe. Har mai hawan dabino sai ya yi sanarwa tukuna, don matan gida su kintsa.

Sa'an nan ga ƙa'ida ta biyu: abin da ya daɗe a kan bar shi yadda aka same shi. In taga ta riga ginin maƙwabci, wanda ya zo daga baya shi ne zai ɗaga katangarsa ya suturta iyalinsa. Wanda kuma ya ga an ƙago abin da ke cutarsa, yana gari, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru shekara 10, to ƙararsa ta faɗi. Wannan shi ake kira hauzi. Don haka tambayar farko a gaban alƙali ita ce, wa ya riga wani, su wa kuma suka shaida?

Zuwan Turawa ya kawo dokar ƙasa ta 1910, da ta tsarin garuruwa ta 1946, amma a cikin tsofaffin garuruwa maganar ba ta bar hannun mai unguwa da hakimi da alƙalin En'e ba. An rushe En'e a 1976, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mai da filayen birane hannun gwamna, izinin gini kuma ya koma takarda. Duk da haka, takarda ba ta rufe tsakar gidan da aka leƙa. Ma'aikacin da aka kawo wa irin wannan ƙara, ya fara neman dattawan da suka san ranar da aka fasa tagar.