Gashin ciwon daji: abin da majinyaci zai tarar daga ranar farko zuwa ta ƙarshe

Kalmar "gashi" kaɗai ta isa ta tsorata mutum. Wanda likita ya ce za a yi masa gashin ciwon daji yakan hango wuta ko jan ƙarfe, wasu ma daga nan suke tattara takardunsu su koma gida. Alhali wannan magani, da takardun asibiti na Faransanci ke kira radiothérapie, babu wuta a cikinsa, kuma majinyaci ba ya jin zafi a lokacin da na'ura ke aiki. Nauyinsa yana wani wuri dabam: ana yin sa kullum har tsawon makonni, a asibitoci ƙalilan, galibi nesa da gida. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, AIEA, ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu ciwon daji, wato kansa ko sankara, za su buƙaci gashi a wani mataki na jinyarsu.

Mene ne gashi?

Haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ƙarfinsa ya ninka sau da yawa. Bajamushe Wilhelm Röntgen ne ya gano irin wannan haske a 1895, sannan Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyom a Faransa a 1898. Ba a jima ba likitoci suka fara amfani da su kan ƙari.

Hasken yana lalata ƙwayoyin cutar daga ciki, su kasa hayayyafa, su mutu a hankali. Lafiyayyun ƙwayoyin jiki da ke kusa su ma yana taɓa su, amma sun fi na cutar iya gyara kansu tsakanin yau da gobe. Shi ya sa ake rarraba maganin kaɗan-kaɗan a kwanaki da yawa.

Iri biyu aka fi sani. Akwai gashin waje, inda na'ura ke harba hasken daga nesa da jiki. Wata tana aiki da sinadarin kobalt 60, wata da lantarki, ita ce accélérateur linéaire. Akwai kuma gashin ciki, curiethérapie, inda ake sa ɗan ƙaramin tushen haske dab da ƙarin na ɗan lokaci sannan a cire. An fi yin wannan ga masu sankarar bakin mahaifa. Ana iya yin gashi shi kaɗai, ko kafin tiyata, ko bayanta, ko tare da maganin da ake sawa ta jijiya, wanda ake kira kemo ko shimiyo.

Kafin a fara

Ranar farko ba a gashi. Likita zai duba sakamakon gwajin tsokar da aka ɗeba daga ƙarin da hotunan da aka riga aka ɗauka, ya bayyana manufar maganin: warkarwa ake nema, ko rage ciwo da zubar jini. Ya kamata majinyaci ya yi wannan tambaya da bakinsa. Wanda ba ya jin Faransanci, Turanci ko Larabci sosai, ya tafi da ɗan'uwan da zai fassara masa ya kuma rubuta abin da aka ce.

Daga nan sai awo. Za a kwantar da majinyaci a na'urar sikana yadda zai riƙa kwanciya kowace rana, a ɗauki hoton wurin. Ana yin alamomi a fata da alƙalami, wani lokaci da ɗigon tawada ƙanana waɗanda ba sa gogewa. Idan ciwon a kai ko wuya yake, ana jiƙa wata robar raga da ruwan ɗumi a shimfiɗa a fuska. Idan ta huce sai ta ɗauki siffar fuskar, ita ce za ta riƙa hana kai motsi. Ana numfashi a cikinta ba matsala. Bayan awo, likita da masanin na'ura suna lissafa adadin hasken da hanyoyin da zai bi a kwamfuta, aikin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako ɗaya ko biyu.

Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, dole ta faɗa kafin awo, domin hasken yana cutar da ɗan tayi. Haka ma mai na'urar daidaita bugun zuciya. Wanda za a gasa wa ƙugu ko mara kuma yana son haihuwa nan gaba, ya yi maganar tun yanzu, domin gashin wannan yanki na iya hana haihuwa. Masu ciwon baki ko maƙogwaro ana tura su wurin likitan haƙori da farko.

Yadda zama ɗaya yake

Majinyaci zai cire tufafin da suka rufe wurin, ya kwanta a gado mai tauri. Ma'aikata za su daidaita jikinsa da alamomin fata, su fita, su rufe ƙofa mai kauri. Shi kaɗai zai rage a ɗakin, amma suna kallonsa a allo, suna jin muryarsa, suna kuma iya tsayar da na'urar nan take. Na'urar tana zagaya jiki tana ƙara ba tare da ta taɓa shi ba. Hasken kansa na ƴan mintoci ne. Zaman gaba ɗaya yakan kai minti 10 zuwa 30. Abin da ake buƙata daga majinyaci shi ne kada ya motsa. Mafi yawan mutane da ƙafarsu suke zuwa su koma masauki, ba a kwantar da su.

Ana auna hasken da ma'aunin Gray, a rubuce Gy. A al'ada ana ba da kimanin Gy 2 a rana, Litinin zuwa Juma'a a yawancin ƙasashe, a huta kwana biyu. Sankarar mama bayan tiyata takan ɗauki zama 15 cikin mako 3, ko zama 25 cikin mako 5. Ta bakin mahaifa kimanin zama 25 ce, tare da shimiyo sau ɗaya a mako, sannan gashin ciki. Ciwon kai da wuya kan kai zama 35 cikin mako 7. Idan ciwon ya shiga ƙashi kuma rage raɗaɗi ake nema, zama ɗaya na Gy 8 yana iya wadatarwa.

Illolin da ake sa rai

Ban da gajiya, illar gashi tana fitowa ne a wurin da aka gasa. Gajiyar takan taru sannu a hankali, ta fi tsanani a makonnin ƙarshe. Fata takan fara canzawa a mako na biyu ko na uku: a baƙar fata ba lallai a ga ja ba, sai wurin ya ƙara duhu, ya bushe, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya saɓule a lanƙwasa kamar ƙarƙashin mama ko matsematsi. Suma tana zubewa ne kawai idan kan aka gasa. Gashin wuya da baki yana kawo gyambon baki, bushewar yawu, wahalar haɗiya da gushewar ɗanɗano. Na mara yana kawo gudawa da zafin fitsari.

Illolin sukan kai ƙololuwa mako ɗaya ko biyu bayan zama na ƙarshe, kafin su fara lafawa. Wanda bai san haka ba zai zaci ciwon ne ya tsananta. Wasu kuma sukan daɗe ko su bayyana bayan watanni, kamar bushewar baki, kumburin hannu, ko tsukewar farji ga wadda aka gasa wa mara. Akwai abin da asibiti ke bayarwa don rage wannan, a tambaya ba tare da kunya ba.

Kula da jiki

A wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, a tsane da ƙyalle mai laushi, ban da dirzawa da soso. Kada a goge alamomin. A sa sakakkun tufafin auduga, a kare wurin daga rana. Ban da turare, man zafi, man bilicin, toka ko garin magani, ban da tsaga da ƙaho a wurin. Ko man kaɗanya ne, a nuna wa ma'aikata kafin a shafa. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da ake sha, likita ya sani.

A yawaita shan ruwa, a ci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Mai ciwon baki ya koma kunu, fura da nono mai tsafta, ƙwai, kifi da tuwo mai laushi, ya bar yaji da tsami. Taba tana tsananta illolin, tana kuma rage amfanin gashi. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, zubar jini mai yawa, kasa haɗiyar ruwa ko gudawar da ta ƙi tsayawa, duk na buƙatar ganin likita a ranar.

Wanda aka yi wa gashin waje ba ya ɗauke da haske a jikinsa. Zai iya ɗaukar jariri, ya ci abinci kwano ɗaya da iyalinsa, ya kwana ɗaki ɗaya da su. Haka ma bayan gashin ciki idan an cire tushen. Akwai wasu magunguna na musamman, kamar aidin mai haske da ake sha don ciwon dajin maƙoƙo, da ke buƙatar a ɗan nisanci mutane na kwanaki. Asibiti zai faɗa.

Dalilin da ya sa ba a tsallake rana

Ƙwayoyin cutar da suka tsira suna ci gaba da hayayyafa a duk ranar da aka fasa zama. A sankarar bakin mahaifa, ƙa'idar ita ce a kammala gashin waje da na ciki cikin mako 8, domin duk jinkirin da ya wuce haka yana rage damar warkewa. Ƙari yakan ragu, jini ya tsaya tun ana tsakiyar magani, sai majinyaci ya ga kamar ya warke ya nemi komawa gida. Nan ne kuskure mafi tsada. Idan rasuwa, rashin kuɗi ko lalacewar na'ura ta katse zama, a sanar da likita domin ya sake lissafi.

Inda ake samunsa da shirin tafiya

A Nijar, an buɗe sashen gashi na farko a 2021 a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, CNLC, da ke Yamai, da tallafin AIEA. A Gana akwai asibitin koyarwa na Korle Bu a Akara da na Komfo Anokye a Kumasi. A Kamaru akwai Babban Asibitin Duwala. A Najeriya akwai asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Asibitin Ƙasa na Abuja, da wasu a kudu. A Sudan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula aikin cibiyoyin Khartum da Wad Madani. Chadi da Nijar suna cikin ƙasashe bakwai na farko a shirin Rayons d'espoir da AIEA ta ƙaddamar a Fabrairun 2022 don kusanto da gashi ga ƙasashen da ke da ƙarancinsa.

Ga mazauna Garwa, Tamale ko Abeshe, wannan na nufin doguwar tafiya, wani lokaci da ƙetare iyaka. Kafin a kama hanya, a tabbatar na'urar tana aiki, a san tsawon layin jira. A tafi da takardar turawa daga likita, sakamakon gwajin tsoka, hotuna a faifai, da takardun shaida da na rigakafi. A lissafa kuɗin maganin, masauki, abinci da na mota na kwanakin awo da dukan makonnin gashi, har da na mai jinya. Iyalai da yawa kuɗin fara magani suke tarawa, guzurin ya ƙare a mako na uku. Neman masauki kusa da asibiti ta hannun dangi ko shugabannin zango tun kafin tashi yana rage wannan haɗari.

Bayan zama na ƙarshe

Hasken yana ci gaba da aiki a jiki har makonni, don haka ba a yanke hukunci kan sakamako a ranar gamawa. Likita yakan sa ranar dawowa bayan ƴan makonni, sannan duk bayan wasu watanni. Kafin majinyaci ya bar asibiti, ya karɓi takardar da ta nuna wurin da aka gasa, adadin Gy, yawan zama da ranakun farawa da gamawa. Ya adana ta da kyau, domin duk likitan da zai duba shi a gida ko a wata ƙasa zai neme ta, musamman idan an zo tunanin sake gasa wuri ɗaya.