Citta a Kudancin Kaduna: Tarihinta a Magani da Noma

Citta, wadda masana tsirrai ke kira Zingiber officinale, saiwa ce mai yaji da ƙamshi, kuma babu inda ake noma ta a Nijeriya kamar kudancin Jihar Kaduna, musamman ƙananan hukumomin Jaba da Kachia da Kagarko da Jama'a da Zangon Kataf. Asalinta daga kudu maso gabashin Asiya ne, fatauci ya kai ta sauran duniya. A kasuwannin Arewa akan ce mata citta mai yatsu, don kada a haɗa ta da citta mai ƙwaya, wadda tsiro ne daban na ƙasar kurmi.

Tun kafin ta zama kayan buhu, citta tana cikin tukunyar magani. Likitan Turawan mulki J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, kuma citta na ciki. A fahimtar masu maganin gargajiya, da yawa daga cikin cututtukan yau da kullum sanyi ne ke kawo su, sai a nemi abu mai zafi ya kore shi. Nan citta ta sami gurbinta. Mai mura ko tari akan dafa masa ita da kanumfari da lemon tsami, a zuba zuma in da hali. Wanda cikinsa ya kumbura ko abinci ya tsaya masa a ƙirji, sai a daka busasshiya a barbaɗa a kunu. Ba a cika ba da ita ita kaɗai ba. Tafiyarta da masoro da kimba da tafarnuwa take yi.

Inda ta fi ƙarfi shi ne ɗakin mai jego. Kwana arba'in ana wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya ko na tsamiya, ana shan kunun kanwa, ana cin nama da yajin da citta ke gaba a cikinsa. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Laifin bai hau kan citta ba, ko da yake tare da kanwa aka saba ganin ta a ƙwarya ɗaya.

Noman citta don sayarwa ya kankama ne wajen 1927. Gwamnatin mulkin mallaka na son haraji da kuɗi, mutanen Kano da Katsina suna da gyaɗa da auduga, amma kudancin Lardin Zariya ba shi da amfanin gonar da zai kawo sulalla. Ƙasar kuwa tana da ruwan sama mai yawa da jar ƙasa mai shanye ruwa, abin da citta ke so. Manoman ƙabilar Ham na kewayen Kwoi suka riƙe ta hannu bibbiyu, maƙwabtansu suka biyo baya. A wannan lokacin ne kuma layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya iso Kafanchan, ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Jos, ɗaya Kaduna. Garin Kafanchan ya cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, har fadar Sarkin Jama'a ta koma can a 1933. Ba don wannan mahaɗa ba, da wuya cittar Kwoi ta ga bakin teku da wuri haka.

Aikin nomanta ba na rago ba ne. Citta ba ta da ƙwayar iri. Saiwar bara ake yankawa gunduwa-gunduwa, kowace da idonta, a binne a watan Afrilu ko Mayu. Daga nan sai a shiga daji a sassaro ganye a lulluɓe gonar kaf, don kada rana ta ƙona tsiron. Ana tonowa idan ganyen ya bushe, daga ƙarshen damina zuwa hunturu. Mata da yara su zauna da wuƙa suna tsaga kowace saiwa biyu a tsaye, a shanya a kan dutse ko tabarma har ta yi ƙaras. Iri biyu aka fi sani: tafin giwa, mai kauri da ɗorawar tsoka, da yatsun biri, siririya mai duhu. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike tana da reshe a Jihar Kaduna saboda citta.

Binciken zamani ya gaskata wani ɓangare na abin da tsofaffi ke faɗa. Yajin ɗanyar citta daga sinadarin jinjarol yake, kuma idan ta bushe wani kaso nasa kan rikiɗe ya zama shogawol, wanda ya fi zafi. Shi ya sa busasshiya ta fi cizo a maƙogwaro. An tabbatar tana rage tashin zuciya, har na masu ƙaramin ciki. Sauran abubuwan da masu talla da lasifika ke jera mata, daga hawan jini zuwa ciwon daji, ba su da irin wannan shaida, kuma likitoci kan ja kunnen mai shan maganin tsinka jini ko mai fama da ƙwannafi. A 2020, lokacin korona, an yi rububin citta da tafarnuwa da lemon tsami a kasuwanni, alhali babu hujjar cewa suna kashe cutar.

A daminar 2023 wata cutar ruɓa ta afka wa gonakin yankin. Ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta narke a cikin ƙasa, manoma da dama suka tashi babu na sayarwa, babu na shuka, tunda irin da amfanin abu ɗaya ne. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da annobar a 2024. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, har mai shayi a bakin titi ya koma tsakurar abin da a da yake watsawa a tukunya da hannu.