Ikon shiga: Yadda kwamfuta ke iyakance abin da manhaja za ta iya yi

Duk manhajar da ke aiki a kwamfuta ko wayar salula tana yin aikin ne da sunan wani. Matsayinta kamar na ɗan aike ne, ba ta isa ta shiga inda wanda ya aike ta ba shi da izinin shiga ba. Wannan tsari da masana ke kira ikon shiga shi ne ke hana ma'aikaci buɗe fayil ɗin abokin aikinsa, shi ne kuma ke hana manhajar wasa karanta bayanan manhajar banki a waya ɗaya.

Matakai biyu ne ke cikinsa. Na farko shi ne tantancewa, inda na'ura ke tabbatar da ko wane ne mutum ta hanyar kalmar sirri ko zanen yatsa ko fuska. Na biyu shi ne ba da izini, inda take duba abin da aka yarje wa mutumin ya yi. Sanin mutum daban, ba shi makullin ɗaki daban.

Asalin tsarin

Buƙatar ta taso ne a farkon shekarun 1960, lokacin da kwamfuta ke da tsadar da sai mutane da yawa sun yi tarayya a kan guda ɗaya. A cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, tawagar Fernando Corbató ta gina tsarin CTSS, wanda ke cikin na farko da suka ba kowane mai amfani asusu da kalmar sirri. Daga nan aka fara aikin Multics, haɗin gwiwar MIT da kamfanonin General Electric da Bell Labs. Bayan Bell Labs ya janye a 1969, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix, wanda tsarinsa na izini ya zama tushen abin da Linux da Android da macOS ke amfani da shi a yau.

Yadda yake aiki

A tsarin Unix, kwamfuta ba ta aiki da sunan mutum, da lamba take aiki. Kowane asusu yana da lambar shaida, yana kuma cikin rukuni ɗaya ko fiye. Da zarar mutum ya shiga asusunsa ya kunna manhaja, sai manhajar ta ɗauki lambarsa, duk wata manhajar da ita ma ta tayar sai ta gaji wannan lamba.

Shi ma kowane fayil yana da mai shi da rukuninsa, da kuma izini iri uku: karantawa da rubutawa da kunnawa. Ana rubuta su da alƙaluma, 4 ga karantawa, 2 ga rubutawa, 1 ga kunnawa, sai a haɗa su. Idan aka ce izinin fayil 644 ne, ana nufin mai shi zai iya karantawa da gyarawa, amma 'yan rukuninsa da sauran jama'a karatu kawai za su yi.

Manhaja ba ta taɓa fayil da kanta. Sai ta nema daga zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke riƙe da ragamar na'urar, shi kuma ya gwada lambarta da izinin da ke kan fayil ɗin, ya amince ko ya ƙi. Asusu ɗaya ne ya fi ƙarfin wannan bincike a tsarin na asali, shi ne root mai lamba 0, wanda babu ƙofar da ke rufe a gabansa.

Aron iko da haɗarinsa

Akwai ayyukan da ke buƙatar ikon da mai amfani ba shi da shi. Misali, mutum na da haƙƙin sauya kalmar sirrinsa, amma fayil ɗin da ake adana kalmomin sirrin kowa sai root ne ke iya rubutu a cikinsa. Ritchie ya warware wannan da wata alama mai suna setuid, wadda aka yi wa rajistar mallakar fasaha a Amurka a 1979. Manhajar da ke ɗauke da alamar tana aiki da ikon mai ita ne, ba na wanda ya kunna ta ba.

Sai dai aron iko shi ne inda masu kutse suka fi sa ido, domin kuskure ɗaya a irin wannan manhaja kan miƙa musu na'urar baki ɗaya. A watan Janairun 2021 kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana wata ɓaraka a manhajar sudo, wadda masu kula da kwamfuta ke aron ikon root da ita. Ɓarakar ta kasance a cikin manhajar tun 2011, kuma a lokacin tana iya ba duk mai ƙaramin asusu cikakken iko.

Ƙa'idar mafi ƙarancin iko

A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun wallafa wata maƙala da ta kafa ƙa'idar da ake bi har yau: a ba kowane mutum da kowace manhaja iya ikon da aikinsu ke buƙata, kada a ƙara. Hikimar ita ce, idan an yi kutse, ɓarnar za ta tsaya a iyakar wannan iko.

Rashin bin ƙa'idar ya jawo asara. A zamanin Windows XP mutane da yawa sun riƙa aiki da asusun mai kula da na'ura, saboda haka duk muguwar manhajar da suka kunna sai ta samu cikakken iko. Shi ya sa Windows Vista, da ya shiga kasuwa a 2007, ya zo da tsarin neman amincewa kafin manhaja ta yi babban sauyi.

A manyan ma'aikatu kuwa, ana rataya izini a kan muƙami ne maimakon mutum, tsarin da David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka suka fayyace a 1992. A banki, mai shigar da buƙatar biyan kuɗi daban, mai amincewa da ita daban. Idan aka sauya wa ma'aikaci wurin aiki, izininsa ma sai ya sauya. Akwai kuma SELinux, da hukumar tsaron Amurka ta NSA ta fitar a 2000, wanda ke iya ɗaure hannun root kansa.

A wayar salula

Android ya yi wa tsarin Unix sabuwar fassara. Maimakon mutane, kowace manhaja ce ake ba lambar shaida tata, don haka ba ta iya leƙa bayanan wata. Kafin 2015 mutum kan amince da dukkan izinin da manhaja ke nema lokacin girka ta, amma daga Android 6.0 sai ta tambaya kafin ta taɓa kyamara ko lambobin waya ko wurin da mutum yake, kuma yana iya janye izinin daga baya.

'Yan Najeriya sun ga muhimmancin wannan a lamarin manhajojin ba da rance, waɗanda wasunsu suka riƙa kwashe lambobin wayar masu cin bashi suna aika wa 'yan uwa da abokansu saƙonnin tozarci. A 2023 Google ya haramta wa irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan jama'a, a shekarar ce kuma aka sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya.

Iyakar tsarin

Kwamfuta asusu ta sani, ba mutum ba. Wanda ya saci shaidar ma'aikaci ya gaji ikonsa. A watan Yulin 2020 wasu masu kutse sun yaudari ma'aikatan Twitter ta wayar tarho, suka samu shiga kayan aikin cikin gida na kamfanin, suka kai hari kan asusu 130, ciki har da na Barack Obama da Elon Musk, suka yi amfani da wasunsu wajen damfarar kuɗin Bitcoin.

Saboda haka masana ke ba da shawarar kada a yi aikin yau da kullum da asusun mai kula da na'ura, kada ma'aikata su yi tarayya a kan asusu ɗaya, a kuma rufe asusun duk wanda ya bar aiki nan take. Ga mai waya kuwa, ya riƙa duba jerin izinin da ya bayar, ya janye duk wanda ba shi da alaƙa da aikin manhajar. Manhajar tocila ba ta da hurumi da lambobin wayarsa.