Daga Gada zuwa Gado: Asalin Aji da Abu a Harsunan Kwamfuta

A shekarata ta biyu a jami'a na haddace ma'anar aji da ma'anar abu kamar yadda almajiri ke haddace allonsa. Aji, in ji littafinmu, tsari ne da ke fayyace siffofi da ayyuka. Abu kuwa shi ne wanda aka ƙera bisa wannan tsari, tamkar tubali da makwabarsa. Na rubuta haka a jarrabawa, na ci, ban kuwa taɓa tambayar wanda ya fara kawo wannan tunani ba, balle matsalar da ta tilasta masa. Sai da aikina na kammala digiri ya kunyata ni, sannan na koma neman asali. Waiwaye, in ji masu magana, adon tafiya ne.

Labarin ya fara ne a birnin Oslo na ƙasar Nowe. Kristen Nygaard, masanin lissafi da aka haifa a 1926, ya yi shekaru yana aiki a cibiyar binciken tsaro ta ƙasarsa kafin ya koma Cibiyar Kwamfuta ta Nowe a 1960. Sana'arsa ita ce kwaikwayon al'amuran duniya da lissafi: yadda layi ke taruwa a gaban kanta, yadda kaya ke ratsa masana'anta, inda cunkoso ke aukuwa da dalilinsa. Harsunan kwamfuta na lokacin, irin su FORTRAN da ALGOL 60, an gina su ne domin jera umarni, a yi wannan sannan a yi wancan. Duniya kuwa ba ta bin jeri ɗaya. A tashar jirgin ruwa, wani jirgi na shigowa, wani na sauke kaya, wani na jiran izini, kowanne da halin da yake ciki. Nygaard yana neman harshen da zai bayyana irin wannan hada-hada yadda mutum zai karanta ya fahimta, na'ura kuma ta aiwatar.

A 1962 ya haɗa kai da Ole-Johan Dahl, gwani a fannin rubuta manhaja, mai shiru-shiru da son kiɗan fiyano, saɓanin Nygaard mai yawan magana da zafin muhawara. Suka ɗora aikinsu a kan ALGOL 60, suka kira shi Simula, kuma a farkon 1965 ya fara aiki a kan na'urar UNIVAC 1107. Su da kansu sun ba da labarin wani sabon ma'aikaci da ya ruga ya sanar cewa ga mutum biyu can suna faɗa a gaban allo, aka kwantar masa da hankali cewa Dahl da Nygaard ne kawai ke tattauna Simula.

A wannan harshe na farko, kowane ɓangare na abin da ake kwaikwayo yana riƙe da bayanansa da kuma ayyukansa a wuri guda. Wannan shi ne ƙwayar abin da muke kira abu a yau. Sai dai wata matsala ta ci gaba da damun su: ɓangarori da yawa suna kama da juna ta wata fuska, suna bambanta ta wata, ga shi dole a maimaita rubuta siffofin da suka yi tarayya a kai. A ƙarshen 1966, bayan sun yi nazarin shawarar masanin Ingila Tony Hoare game da rarraba bayanai rukuni-rukuni, suna tunani a kan misalin wata gada mai rumfar karɓar kuɗin hanya. A layin akwai manyan motocin kaya, da bas-bas, da ƙananan motoci. Dukansu suna bin layi, kowace tana da ta gabanta da ta bayanta, amma nauyinsu da abin da suke ɗauka ya sha bamban. Sai dabara ta faɗo musu: a rubuta abin da ya shafi bin layi sau ɗaya a matsayin aji na sama, sannan kowane nau'in mota ya zama ƙaramin aji da zai karɓi waɗannan siffofi ya ƙara nasa. Abin da ɗalibai ke kira gado ke nan. A watan Mayu na 1967 suka gabatar da shi a wani taron masana a Lysebu, kusa da Oslo, sabon harshen kuma ya samu sunan Simula 67.

Simula bai mamaye kasuwa ba, amma ya yi 'ya'ya. A 1966 wani ɗalibi a Jami'ar Utah ta Amurka, Alan Kay, ya ci karo da Simula na farko. Da yake ya karanci ilimin halittu, sai ya ga abubuwan nan kamar ƙwayoyin jiki, kowace a rufe cikin fatarta, suna hulɗa ta hanyar aika saƙo kawai. A cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto, shi da Dan Ingalls da Adele Goldberg suka raya harshen Smalltalk tun daga 1972, har suna koya wa yara shi. A ɗaya gefen kuma, Bjarne Stroustrup ɗan ƙasar Danmak ya yi amfani da Simula wajen binciken digirinsa na uku a Kambirij. Tsarin ya burge shi, jinkirin aikinsa kuwa ya kusa kassara binciken, har ya sake rubuta manhajar da harshen BCPL. Da ya koma Bell Labs a 1979, sai ya dasa aji a cikin harshen C mai sauri; a 1983 aka raɗa wa sakamakon suna C++. Python ya fito a 1991, Java a 1995, kuma da waɗannan biyu aka koya mini aji da abu, ba tare da an ambaci Oslo ko sau ɗaya ba.

Akwai wani babi na rayuwar Nygaard da ya fi taɓa ni. Ya lura cewa masu kamfanoni na amfani da harshen da ya ƙirƙira wajen sake tsara aiki a masana'antu, ma'aikatan da abin ya shafa kuwa ba a jin ta bakinsu. Daga 1971 zuwa 1973 ya yi aiki da ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ta Nowe, domin su fahimci tsare-tsaren kwamfuta, su kuma sami bakin magana a kan yadda ake gina su. Ya gane cewa duk wanda ya zauna ya rubuta aji, ya yanke hukunci a kan abin da za a ƙirga da abin da za a watsar.

Nan ne kunyata ta shigo. Aikina na ƙarshe manhajar rajistar marasa lafiya ce, wadda na gwada a wani ƙaramin asibitin unguwarmu. Na rubuta ajin majinyaci da suna, da adireshi, da ranar haihuwa, na kuma hana a ƙirƙiri abu daga ajin sai an cike kowane gurbi. A ranar gwaji, wata dattijuwa ta zauna a gaban ma'aikaciyar jinya. Da aka tambaye ta ranar haihuwa, sai ta ce ita dai an gaya mata shekarar da aka yi fari aka haife ta. Na'ura ta ƙi karɓar ta. Ma'aikaciyar ta dube ni, ta buga ɗaya ga Janairu da wata shekara da ta kintata, layi ya ci gaba. Kafin azahar, dattawa da dama sun zama 'yan rana ɗaya. Manhajar ba ta da kuskure ko ɗaya a idon malamina, amma ajina ya tilasta wa mace mai gaskiya rubuta ƙarya a takardar da likita zai dogara da ita.

Da na karanta tarihin gadar nan, sai na ga inda na kauce. Dahl da Nygaard sun fara da kallon layin motoci, sannan suka rubuta aji. Ni kuwa na rubuta aji a ɗakina, na je ina jiran mutane su shiga cikinsa. Na koma asibitin na zauna kwana uku ina saurare kawai, sannan na sake tsarin: shekaru suka zama aji mai zaman kansa, mai rassa biyu, tabbatacciya da kintatacciya, likita kuma yana ganin wadda ke gabansa.

An bai wa Dahl da Nygaard lambar yabo ta Turing ta shekarar 2001. Dahl ya rasu ranar 29 ga Yuni, 2002, Nygaard ya bi shi ranar 10 ga Agusta, makonni shida kacal a tsakani. Ban san sunayensu ba sai bayan na yi shekara uku ina cin gadonsu. Yanzu duk lokacin da na buɗe kwamfuta zan fara sabon aji, nakan dakata in tambayi kaina wane ne ke tsaye a layi wanda ban tanadar masa gurbi ba.